Yadda na gyara suwic ɗin da ya addabe mu

Shekaranjiya wani abokina mai sibar kafe kusa da babbar kasuwar Maraɗi ya kira ni, wai intanet ya tsaya cik, kostomomi sai masifa suke. Da na je na tarar da suwic ɗinsu na Cisco, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin shagon, fitilun duk suna ƙiftawa tare kamar ba za su huta ba, ko shiga cikinshi da kwamfuta sai da na sha wahala. Na buga show processes cpu sorted, umarnin da ke nuna yawan aikin da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar suwic ɗin, ai sai na ga furosesa ya kai 98%, kuma log, inda suwic ke rubuta abin da ke faruwa, yana ta nuna adireshin MAC guda (lambar shaidar na'ura) yana tsalle tsakanin fot 7 da fot 12, wato ramukan soka kebul.

Nan na gane madauki ne, wato haɗin waya ya zagayo ya dawo inda ya fito. Na bi waya har ƙarƙashin tebur, ashe yaron shago ne ya ga kebul yana lilo ya soka shi a ƙaramin suwic, alhali ɗayan bakin yana jone, ga spanning tree, tsarin da ke hana madauki, a kashe, to saƙon broadcast, wanda ake aika wa duk na'urori, sai zagaye yake babu mai tsaida shi.

Ina zare kebul ɗin furosesa ya sauko 6%. Na kunna spanning tree, na sa bpduguard (mai rufe fot in ya ji saƙon spanning tree na wani suwic) da storm-control (mai taƙaita ambaliyar saƙonni) a fot ɗin kwamfutoci, na kuma rufe fot ɗin da babu kowa, don wallahi ban so a sake kirana cikin wannan rana.