Kalmar "canary": inda masu koyon Turanci suke tuntuɓe

Wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram ba sai an gabatar masa da kanari ba. Ya saba ganin ɗan keji rataye a bakin shagon tela, tsuntsu na ta zuba waƙa, keken ɗinki na amsa masa. Wannan sabon ne ke sa ɗalibai su ɗauki kalmar "canary" kamar 'yar gida, su yi amfani da ita gaba gaɗi.

Kuskuren da ya fi muni a wajen yabo yake. A wurinmu idan aka ce mawaƙiya kanari ce, an gama yabon murya. Sai mutum ya kwashi wannan ya rubuta "she sang like a canary", yana ganin ya gwangwaje ta. Bature kuwa yana karantawa zai ɗauka kama ta aka yi, ta tona asirin abokan ta'asarta. Maganar 'yan sanda da masu laifi ce, musamman a Amurka, ana faɗinta kan wanda aka matsa a caji ofis ya shiga zubo sunaye. In zaƙin murya kake nufi, tsuntsun da suke misali da shi "nightingale" ne. In kana tsoron kwaɓa, ka ce "she has a lovely voice" ka huta.

Sai furuci. Gaɓar tsakiya ake dannawa, kamar ka ce ka-NE-ri. Wanda ya danna ta farko zai fito da "cannery", wato masana'antar da ake zuba kifi ko tumatir a gwangwani. Jam'i kuma "canaries" ne, y ta koma ies.

Akwai kuskuren da har malamai ke faɗawa ciki: cewa tsibiran Canary, waɗanda ke ƙarƙashin Sifaniya daura da gaɓar Maroko, daga tsuntsun suka samo suna. Akasin haka ne. Tsuntsun ne ya ci sunan tsibiran, su kuma bayanin da ya fi shahara shi ne daga kalmar Latin mai nufin kare aka samo nasu, domin tsofaffin marubutan Rum sun ambaci manyan karnuka a ɗaya daga cikinsu. Don haka in ka ga "the Canaries" da babban baƙi a labarin 'yan ci-rani da ke tashi a kwalekwale daga Senegal, tsibiran ake nufi. In a shafin wasanni ne, laƙabin ƙungiyar Norwich City ta Ingila ne, masu rawayar riga. Ƙaramin baƙi na tsuntsu ne kawai.

Rawayar ma da magana. "Canary yellow" launi ne mai haske, amma kanarin dajin tsibiran ya fi karkata ga kore-kore da zane-zanen ruwan ƙasa. Kiwo ne a Turai ya fitar da rawaya zalla. Irin namu na Afirka ta Yamma ma dangi ne kawai, ba shi ba ne.

Karin maganar da ta fi yawo a jaridu ita ce "canary in a coal mine", kuma da yawa na fassara ta da abu mai kyau a wuri mummuna. Ba haka ba ne. A da, masu haƙar kwal a Birtaniya kan sauka rami da kanari a keji, bisa shawarar masanin kimiyya John Scott Haldane. Iskar guba mara wari, irin wadda hayaƙin janareta ke ɗauke da ita ta kashe iyali a ɗaki cikin dare, tana kayar da tsuntsun kafin ta taɓa mutum. Da zarar ya yi shiru ko ya faɗo daga kan sanda, kowa ya nemi hanyar fita. Sai a 1986 aka sallame su daga aiki, na'urori suka maye gurbi. Ma'anar ke nan: alamar farko ta haɗarin da ke tafe. Idan ɗan jarida ya kira wani ƙaramin banki da ya durƙushe da wannan suna, gargaɗi yake yi cewa manyan ma suna cikin ramin.