Yadda Ake Rubuta Labarin Soyayyar Maƙiya a Duniyar Sihiri da Yaƙi

Babban aikin da ke gabanka shi ne mai karatu ya yarda cewa mutum biyu da suka taso suna neman ran juna za su iya ƙarewa da ƙauna. In bai yarda ba, dodanni da takubban tsafi ba za su ceci littafin ba.

Mataki na farko, kafa dalilin yaƙin tun kafin ka raɗa wa kowa suna. Kan me ake faɗa? Kogi ne, ko gadon sarauta, ko wani dutse da sihirin ƙasar ya dogara da shi? Ka bai wa kowane ɓangare tasa gaskiyar. Idan masarauta ɗaya duk mugaye ne, babu sauran ruɗani, jaruma za ta sauya sheƙa kawai a tashi.

Na biyu, gabar ta zama ta jini. Harara da baƙar magana ba su isa a kira mutane maƙiya ba. A ce rundunar da jarumin yake jagoranta ce ta ƙone garin su jarumar, ko kibiyarta ce ta kashe ƙaninsa. Kada kuma daga baya ka wanke shi da cewa ashe wani ne ya aikata. Wannan dabara ta tsufa, kuma tana zubar da duk nauyin da ka tara.

Na uku, sa wa sihirin doka. Wa ke iya shi, me yake ci a jikin mai shi, ina iyakarsa? Rubuta wannan a takarda ka ajiye kusa.

Na huɗu, tilasta musu zama wuri guda. Ko ɗaya ya zama fursunan yaƙi, ko a ba da ita garkuwa, ko a ɗaura musu auren sulhu, ko a yi wa birni ƙawanya suna ciki. Tarihi ma ya nuna abin da kusanci ke yi: a Disambar 1914, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila da na Jamus sun fito daga ramukansu a wasu sassan fagen daga, suka gaisa, suka yi musayar taba, suka binne gawarwakinsu, sannan aka koma harbi.

Na biyar shi ne inda yawancin marubuta ke gaggawa. So ba ya fara zuwa. Abin da ke fara zuwa shi ne ganin ƙimar abokin gaba: ta ga ya hana dakarunsa taɓa wanda ya miƙa wuya, ya ga ta ba yara rabonta na ruwa. Daga nan sai bashi ya shiga tsakani, ɗaya ya ceci ɗaya ba da son ransa ba. Sai amana, ta faɗa masa wani sirri da zai iya hallaka mutanenta, shi kuma ya yi shiru. Kowane mataki ya sami babinsa, kuma bayan kowane a ɗan ja da baya, domin duk wanda ya fara son maƙiyinsa sai ya ji kunyar matattunsa. A ganina wannan kunyar ta fi duk wata kalmar soyayya daɗin karantawa. In za ka iya, riƙa karɓa-karɓa tsakanin muryarsa da tata, don a ga yadda kowa ke yi wa ɗan uwansa mummunar fahimta.

Kada yaƙin ya tsaya jiran masoya. A ji yunwa, a ga 'yan gudun hijira. Kafin ƙarni na 20, cuta ta fi makami kashe sojoji a yaƙe-yaƙe da yawa, don haka zazzaɓi a sansani zai iya juya labari fiye da arangama.

Daga ƙarshe ka sa su zaɓi tsakanin juna da mutanensu. Masu karanta littafin soyayya suna sa ran ganinsu tare a babin ƙarshe, ka ba su hakan, amma wani ya rasa sarauta, ko dangi, ko sihirinsa. Bayan ka gama, koma babi na ɗaya ka cire duk inda suka yaba kyawun juna tun ba a je ko'ina ba.