Idan Giyabos Ya Fara Ƙara Bayan Ka Sayi Mota a Abuja

Kafin ka koma wurin dillali, ka tayar da motar a firi, wato ba tare da ka sa giya ba, ka saurara. Ƙarar da take ɗaukewa da zarar ka taka kuloci yawanci daga boris ɗin cikin giyabos take, kuma gyaranta yana da tsada domin sai an kwance shi. Wadda take tasowa sai ka taka kuwa, boris ɗin kuloci ne. Ka ɗauki sautin a waya, ka kai motar Apo, unguwar makanikai, wurin makaniken da ba na dillalin ba, ya rubuta abin da ya gani, amma kada ka bari ya kwance komai, domin dillali zai ce a hannun makaniken ta lalace. Sannan ka je da rasit da shaidan cinikin, ka ce, "Alhaji, a gyara ko a rage kuɗi." Idan ya ƙi, ka kai ƙorafi FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye.