Yadda Ake Gudanar da Taron Mako na 'Yan Sikawut

Da farko, karɓi izinin iyaye a rubuce. Kada ka yarda da "Baba ya ce to" da baki kawai.

Na biyu, raba yaran rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowane da jagora daga cikinsu. Nan ne ƙashin bayan aikin. Haka Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya yi a zangonsa na farko a tsibirin Brownsea da ke Ingila a 1907, inda ya kasa yaransa gida huɗu. Ƙyale jagora ya yi kuskure ya gyara da kansa. In kai ka riƙe komai, aji ka sake buɗewa, ba sikawut ba.

Na uku, a ja layi, a duba yunifom da farce, a maimaita alkawarin sikawut. Musabahar sikawut da hannun hagu ake yi, don haka ka yi wa iyaye bayani tun wuri, kada su ɗauka rashin kunya ake koya wa 'ya'yansu.

Sai darasi ɗaya tak: ɗaurin igiya ko taimakon gaggawa, sannan wasa.

Manya biyu su kasance a wurin kullum, kada babba ya keɓe da yaro. Ban da duka. A sallami kowa kafin magariba.