Yadda Ake Kiwon Tantabaru Masu Komowa Gida a Kumasi

Tantabarun da na fara saya manya ne, mata da miji, masu kyan ƙirji da ƙarfin fiffike. Na tsare su mako 3 a bayan ɗakinmu a Aboabo, na ciyar da su da hannuna. Ranar da na buɗe musu ƙofa suka kewaya sama sau biyu, suka miƙe, ban sake ganinsu ba sai a gidan wanda ya sayar mini. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na je wurin wani dattijo a Asawase da ya daɗe yana wannan kiwo, na ce, "Baba, me na yi musu?" Ya ce, "Ɗana, ba ka yi musu komai ba. Inda tantabara ta fara ganin rana, nan ne gidanta har ta mutu. In kana son ta zama taka, ka ɗauke ta tun tana 'yar shila."

A kan wannan magana duk kiwon ya tsaya. Allah ya riga ya ba tantabara sanin hanya. Aikin mai kiwo shi ne ya sa gidansa ya zama wurin da take ɗokin komowa: ga abinci, ga aboki, ga sheƙa, ga kwanciyar hankali.

Fara da izini, sannan ɗaki

Yawancinmu a Zango gidan haya muke, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Kafin ka sayi katako ko guda, ka nemi mai gida da maƙwabta, musamman iyaye mata masu shanya tufafi da masu tara ruwan sama daga kwano. Kashin tantabara a kan farar rigar Juma'a ya isa ya ɓata zumuncin shekaru. Ka zaɓi kusurwar da ba ta bisa wurin shanya ko wurin girki.

Ɗaki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1 da rabi, tsayin mita 2 zai ɗauki tsuntsaye 12 cikin walwala. Kada ka cusa fiye da haka. A ɗaga shi daga ƙasa a kan ƙafafu, ƙofarsa ta fuskanci gabas don hantsi ya shiga, gaban kuma a sa ragar waya mai ƙananan ido wadda ɓera ba zai ratsa ba. Babban abokin gabarka a Kumasi danshi ne. Damina biyu gare mu, ta wajen Afrilu zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Nuwamba, ɗakin da ke yoyo kuwa cuta ba ta barinsa. Ka sa rufin ya zarce bango sosai, iska ta riƙa shiga ta ƙasa tana fita ta sama, amma kada ta riƙa bugun tsuntsayen inda suke kwana. In da hali ka sa silin na katako ƙarƙashin kwano saboda zafin watan Maris.

A ciki kowane tsuntsu ya sami sandar da zai tsaya, kowane ma'aurata kuma su sami akwati da kasko biyu na sheƙa. Dalilin biyun zai zo a gaba. A waje ka kafa allon sauka, da 'yar taga mai sandunan waya masu lilo waɗanda ke turuwa ciki amma ba sa turuwa waje. Tsuntsu ya shiga, ba ya fita sai ka buɗe. Da dare ka rufe tagar da allo, domin kyanwa ma ta iya tura wayar.

Zaɓen tsuntsu

Ba kowace tantabara ce ke aiki ba. Akwai na ado, akwai na nama, akwai masu alkafura a sama, akwai kuma masu komowa daga nesa, waɗanda irinsu na zamani a ƙasar Beljiyam aka kyautata shi a ƙarni na 19. Can har yau darajarsu ba ta faɗuwa: a 2020 an yi gwanjon wata mai suna New Kim a kan Yuro miliyan 1.6. Mu ba wannan muke nema ba. Ka je gidan mai kiwon da ka ga tsuntsayensa suna tashi suna komowa da idonka, ka sayi 'yan shila masu kwana 28 zuwa 35, waɗanda suka fara cin ƙwaya da kansu amma ba su taɓa tashi ba. Guda 6 sun isa farawa.

Ka riƙe kowanne a hannu. Ido garau, gashi sumul, ƙirji cike, dubura tsaf. Buɗe bakin ka leƙa: in ka ga wani abu rawaya manne a maƙogwaro, ajiye shi. Na fi son sayen gida da na kasuwa, don a kejin kasuwa tsuntsayen wurare da yawa ke haɗuwa, mai lafiya da marar lafiya suna shan ruwa ɗaya. Duk sabon da ya shigo hannunka, ka ware shi mako 2 zuwa 3 kafin ya haɗu da sauran.

Abinci da gwangwani

Masara, dawa, gero, wake da 'yar gyaɗa kaɗan. Ni nakan sa masara da dawa su zama fiye da rabi, in ƙara wake lokacin da suke ciyar da 'ya'ya ko sauya gashi. Waken suya sai an soya shi. Abin da ya fi haɗin muhimmanci shi ne ƙwayar ta bushe ƙayau. In za ka auni olonka, wato gwangwanin awon hatsi, a kasuwa, ka tauna ƙwaya ɗaya, ka shinshina. Masarar da ta yi fumfuna guba ce, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Babbar tantabara na cin kimanin giram 30 zuwa 40 a yini, wato wajen cokali 2 na cin abinci. Raba shi biyu, kaɗan da safe, mai yawa da yamma. Kada ka bar abinci zube yini guda. Bayan minti 15 ka kwashe abin da ya rage. Kuma duk lokacin da za ka zuba, ka kaɗa ƙwaya a cikin gwangwani tare da fito iri ɗaya. Wannan ƙarar ita ce linzaminka. Tsuntsun da ya ƙoshi ba ya jin kira, zai zauna a kan kwanon maƙwabci yana kallonka har shaho ya zo.

A ajiye musu tsakuwa ƙanana, dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa, jar ƙasa da ɗan gishiri, domin ba su da haƙori, ƙundu ke niƙa. Ruwa a sauya kullum, ya yi zurfin da za su nutsa baki, don tantabara zuƙa take yi, ba ta ɗaga kai kamar kaza. Sau biyu a mako ka ba su ruwan wanka a faranti.

Aure da ƙyanƙyasa

A wata 5 zuwa 6 suke balaga, amma na fi son in jira su kai wata 8. Ka haɗa namiji da macen da ka zaɓa a akwati ɗaya, da raga a tsakani kwana biyu ko uku, har ka ga ta daina gudunsa. Bayan kimanin kwana 10 za ta yi ƙwai ɗaya, bayan kwana biyu ta ƙara na biyu. Galibi ƙwai 2 ne a kowane kwanci. Kwancin kwana 17 zuwa 19 ne, kuma rabon aiki suke yi: namiji daga hantsi zuwa la'asar, mace sauran yini da dare. Na sha tsayawa ina kallon wannan sauyin aiki, yadda yake zuwa bakin kasko ya jira ta tashi, ban taɓa gajiya da shi ba.

'Ya'yan suna fitowa makafi, iyayen duka biyu suna ɗura musu wani abu mai kauri kamar nono da ke fitowa daga jakar abinci ta wuyansu. A kwana 5 zuwa 7 ake zura zobe mai lamba a ƙafa. In ka wuce haka ƙafar ta yi girma. Wajen mako 2 uwar za ta sake yin ƙwai alhali na farkon suna sheƙa, nan ne amfanin kasko na biyu. Ka sami littafi ka riƙa rubuta uwa, uba, rana da lambar zobe. Kuma kada kwaɗayin yawa ya sa ka bar su suna ƙyanƙyasa ba hutu. Zagaye 3 ko 4 a shekara ya isa, in ba haka ba macen za ta rame.

Horo, inda ake asarar tsuntsaye

Nan ne gaggawa ke cin mutane. Mako na farko ka sa 'yan shilan a kejin waya a kan allon sauka, su yi ta kallon unguwa: hasumiyar masallaci, tankin ruwa, bishiyar mangwaro, launin kwanonku. Ka riƙa tura su ta tagar waya da hannu, abinci na jira a ciki, har su gane ƙofar. Sannan wata yamma mai sanyi, bayan la'asar, suna jin yunwa, ka buɗe ka koma gefe. Kada ka kore su, kada ka bar yara su yi ihu ko jifa. Tsuntsun da ya firgita ranar farko yana da ƙarfin tashi amma bai san inda zai sauka ba. Su taka kwano, su yi ɗan tsalle, ka kaɗa gwangwani su shiga.

A hankali za su fara kewaya gida a garke. Idan suka kai suna yin minti 40 zuwa awa guda a sama, har suna ɓace wa ido su dawo, lokacin kwando ya yi, wato ka sa su a kwando ka kai su nesa ka sake su su komo gida. Ka fara da kilomita 1 ko 2, sau uku. Sai wajen Oforikrom ko mahaɗar Tech. Sai Ejisu, kimanin kilomita 20 a kan hanyar Accra. Kada ka ƙara nisa sai sun riga ka isowa gida sau biyu ko uku a jere. Bayan haka ka juya su wasu fuskoki, hanyar Offinso, hanyar Mampong, hanyar tafkin Bosomtwe, sannan ka koma Konongo, daga bisani Nkawkaw. Lafiyayyar tantabara na yin kilomita 60 zuwa 80 a awa, don haka daga Ejisu kafin motar haya ta trotro ta fita cunkoso ta riga ta sha ruwa.

In ka isa wurin saki, ajiye kwandon minti 10 su natsu. Ka nisanci wayoyin lantarki, ka kuma nisanci filin jirgin sama, wanda mu 'yan Aboabo muke maƙwabtaka da shi. Da safe ake saki, rana a fili. Suna amfani da rana, da maganaɗisun ƙasa, da ƙamshin iska, da alamomin da suka haddace. Masu bincike a Jami'ar Oxford sun ga har manyan tituna suke bi. Shi ya sa ranar hadari, ko ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari a Disamba da Janairu, ba na kai su ko'ina. Shaho kuwa yana koyon lokaci, saboda haka ka riƙa ɗan sauya sa'ar tashi.

Saƙo hanya ɗaya yake bi, zuwa gida. Haka Sarki Nuruddin Zangi ya tsara wasiƙun tantabaru tsakanin biranen Sham, haka Reuter, wanda ya kafa kamfanin dillancin labarai na Reuters, ya yi tsakanin Brussels da Aachen a 1850. In kana son gwadawa, ka ba ɗan'uwanka mai tafiya Konongo tsuntsu a kwando, ya rubuta a siririyar takarda ya naɗa a ƙafa. Yara ba sa manta ranar da suka kwance irin wannan takarda.

Lafiya, tasu da taka

Ciwon rawayan maƙogwaro ta ruwan sha da bakin iyaye yake yaɗuwa. Ƙurajen da ke fitowa a ido da baki sauro ke kawo su, don haka ka kawar da kwatami kusa da ɗakin. In ka ga tsuntsu yana murɗe wuya, yana zawo kore, yana saran ƙwaya yana kuskure, ware shi nan take ka nemi likitan dabbobi. Akwai allurar rigakafinsa. Kada ka saya musu maganin mutane a kanti da ka. In aka sanar da murar tsuntsaye, kamar yadda aka yi a Ghana a 2021, ka rufe su, kada ka sayi sabo. Kai kuma ka yayyafa ruwa kafin shara, ka rufe hanci, domin ƙurar gashinsu da busasshen kashi na lahanta huhu a hankali.

Malamanmu sukan kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito game da mutumin da aka gani yana bin tantabara, kuma sun bayyana cewa kiwo don nishaɗi ko amfani halal ne. Abin ƙi shi ne ya shagaltar da kai daga salla, ko caca ta shiga, ko ka hau rufi kana leƙa tsakar gidan mutane. Ni na tsara tashin yamma yadda kafin kiran magariba kowa ya shiga, na rufe taga.

Wata rana baƙuwar tantabara za ta biyo garkenka ta shigo. Ka ware ta, ka ba ta ruwa da ɗan sukari, sai ƙwaya kaɗan, ta huta kwana biyu. Duba zoben ƙafarta ka yi cigiya wurin masu kiwo na Sawaba, Sabon Zango da Asawase. In ba a sami mai ita ba, ka kai ta nesa da gidanka da safe ka sake ta, ta san inda za ta.