Kurakuran da Muke Yi Wajen Gyara wa Juna Waƙa da Gaisuwar Biki

Duk lokacin da biki ya ƙarato, ko Sallah ce, ko Kirsimeti, ko shigowar sabuwar shekara, sai ka ga alƙaluman masu sha'awar waƙa sun motsa. Wanda ya yi wata shida bai rubuta ko ɗango ɗaya ba, wato layi ɗaya na waƙa, ranar sai ya fito da baiti biyar na barka. Ni ba na raina wannan, don da yawa daga cikinmu ta wannan ƙofa muka shigo waƙa. Abin da ke damuna shi ne yadda muke karɓar baitocin daga hannun juna. Mutum ya kwana yana sassaƙa kalma, ya kawo mana da hannu biyu, mu kuma mu sallame shi ba mu ko karanta ba.

Yabon da bai shiga cikin waƙa ba

Wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma saboda yana zuwa da fara'a ba a ɗaukar sa kuskure. "Allah ya ƙara basira." "Kai, fasihi!" "Alƙalami ya yi kyau." Addu'a ce mai kyau, kowa na son ta. Amma idan ita kaɗai ce amsarka, tambayi kanka: da wata waƙa daban aka kawo, ashe ba waɗannan kalmomin zan faɗa ba? In amsar ita ce e, to ba ka yabi waƙar ba, ka dai nuna kana wurin.

Gyaran ba shi da wuya. Ka ɗauko ɗango ɗaya da ya taɓa ka, ka maimaita masa shi, ka faɗi dalili. "Malama, inda kika kwatanta jiran baƙo da jiran ruwan farko, nan na tsaya na sake karantawa." Mai koyo da ya ji haka ya san inda ƙarfinsa yake, gobe zai nemi irinsa. Bayan nan sai ka rufe da addu'arka, ta zauna a kan wani abu.

"Kari ya karye," sai a yi shiru

A nan nake so in daɗe, don nan ne masu ɗan sani suke cutar da masu tasowa. Sai mutum ya ce wa yaro "ma'auninka ya karye," ya juya abinsa. Ina ya karye? A wace gaɓa? Yaron ya koma gida da kunya, bai ƙaru da komai ba.

Rubutacciyar waƙar Hausa ta gargajiya a kan nauyin gaɓa take tafiya. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar da ko mu. Mai nauyi kuwa ita ce wadda ke da dogon wasali, ko tagwan wasali kamar gai, ko wadda ta rufe da baƙi kamar dan. Matsalar ita ce rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Duka da ke nufin gaba ɗaya, da duka da ake yi da sanda, haruffansu ɗaya ne a takarda, amma ta farko gaɓoɓinta biyu marasa nauyi ne, ta biyu kuwa duka biyun masu nauyi. Haka suna na mutum da suna zuwa. Shi ya sa ido kaɗai ba ya iya auna waƙa. Sai an rera.

Ga baiti na gaisuwa da na tsara don misali:

Ina gai da dangi, ina gai da kowa,
Da fatan farin ciki ya ɗore da yalwa.

Rera ɗango na farko kana buga yatsa a kan tebur. Za ka ji marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, haka har sau huɗu, gaɓa 12 cif. Wannan shi ne karin da masana ke kira Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwa 16 na ilimin aruli, wato ilimin auna waƙa, wanda Halil bin Ahmad na Basra ya kafa harsashinsa a ƙarni na 8. To rera na biyu. Harshenka zai yi tuntuɓe a kan ciki, don gaɓar ci marar nauyi ce ta kutso inda ake jiran mai nauyi, ɗangon ya zama gaɓa 13. Ma'ana lafiya lau, amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen ɗango, lafiya lau, gaɓa ɗaya tak ce ta ɓata tafiyar. Sai a ce:

Da fatan zumunci ya ɗore da yalwa.

Ka ga yadda gyara yake: an nuna wurin, an faɗi dalili, an kawo hanya. Kuma ba sai mai koyo ya haddace sunayen karuruwa kafin ya amfana ba. Kunnensa ya riga ya san abin, nuna masa kawai ake yi.

Sai dai kafin ka fito da ma'auni, tambayi mai waƙar abin da ya nufa. Wani da gangan ya rubuta waƙa sakakkiya, ba ya neman kari ko amsa-amo. Wani kuma da amon kiɗa ya tsara tasa, irin na waƙar baka, inda mawaƙi ke jan gaɓa ko ya haɗiye ta don ta hau kiɗan. In ka auna waɗannan da mudun aruli, kai ne ka yi kuskure.

Amsa-amo ma akwai inda muke ruɗewa. Na taɓa ganin an ce wa wata ɗangonta na biyar "bai dace da sauran ba," alhali waƙar ƙwar biyar ce. A irin wannan tsari, ɗango huɗu na farko suna da ƙaramin amsa-amo da ke iya sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuwa shi ke riƙe babban amsa-amo tun daga farkon waƙa har ƙarshe. Ita ce ke kan daidai. Kuskuren da ya kamata a riƙa nunawa shi ne na tilasta wa kalma: a murɗe ta, ko a cusa fa da dai da kam a ƙarshen ɗango don kawai sauti ya yi daidai, ma'ana ta tafi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Akwai kuma masu ɗaukar karin harshe a matsayin kuskure. Basakkwace ya rubuta na ko ta a inda Bakano zai ce ne ko ce, sai wani ya yi maza ya "gyara." Daidaitacciyar Hausa tana da muhallinta a makaranta da jarida, amma waƙa ta daɗe tana ɗaukar muryar mai ita, har wani lokaci kalmar garinsu ce kaɗai ke cika masa kari. Abin da ya cancanci gyara shi ne ƙa'idar rubutu da ke sauya ma'ana: ƙarya da karya, ƙafa da kafa, ta fi da tafi, ko ma da koma, ba ka da baka.

Gaskiya a lokacin da bai dace ba

Wannan ni kaina na aikata shi, kuma har yau yana raina. Wani matashi ya kawo mini waƙarsa ranar Sallah, a takardar da aka yago daga littafin makaranta, ya ninke ta huɗu. Ina buɗewa idona ya faɗa kan wani ɗango inda ya rubuta kasa a maimakon ƙasa, sai na fara daga nan, na bi haruffa masu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya ina nuna masa, ga mutane a zaune. Sai da na kai baiti na uku na gane ƙasar da yake nufi ita ce wadda aka rufe mahaifinsa a ciki, kuma Sallar farko ke nan da babu shi. Ya ce, "Na gode, Malam," ya ninke takardarsa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma an daɗe kafin ya sake nuna mini wani abu.

Tun daga ranar ba na gyara waƙa sai na karanta ta har ƙarshe, sau biyu. Waƙar biki da ta ta'aziyya kuwa, a ranar amsa ake yi, gyara sai an kwana biyu. In gyaran mai nauyi ne, a keɓe ake yin sa. Kuma ba a zube wa mai koyo kurakurai goma a zama ɗaya. Zaɓi biyu da suka fi girma, sauran su jira waƙa ta gaba.

Kusa da wannan akwai mai gyaran da ke karɓe waƙar gaba ɗaya. Ya sauya kalmomi, ya sauya hoto, ya dawo da ita tana sheƙi, amma ba ta mai ita ba ce kuma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ko a misalin da na kawo a sama, da waƙar wani ce, abin da ya fi shi ne in nuna masa gaɓar, in ce ga kalma ɗaya da za ta iya zama, in bar shi ya nemo tasa.

Mai waƙa ma yana da nasa. Da an taɓa ɗango sai ya hau bayani: "Ai abin da nake nufi shi ne..." Ɗan'uwa, mai karatu na nesa ba zai same ka ya tambaye ka ba, abin da ke kan takarda shi kaɗai zai gani. Ka saurara, ka yi godiya, ka kwana da maganar. Ba dole ka karɓi kowace shawara ba, amma idan mutum uku da ba su haɗa baki ba suka yi tuntuɓe a wuri guda, akwai dutse a wurin. Kuma ka taimaki masu duba maka, ka faɗi abin da kake so tun farko: kari ne, ko ma'ana, ko kuwa yau saurare kawai kake nema.

Ita kanta gaisuwar

Akwai gaisuwa da roƙon iri. Mutum bai taɓa cewa uffan a kan aikin kowa ba duk shekara, ranar biki sai ya bayyana da "barkanmu da Sallah, ga sabuwar waƙata, a duba a yaba." Mutane suna lura. Wanda ke son a karanta tasa, ya fara karanta ta wasu, kuma ya bar gaisuwa ta zama gaisuwa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne yaɗa baitin wani ba tare da sunansa ba. Ka ga baiti mai daɗi, ka tura wa mutum hamsin, su kuma su zaci naka ne, kai kuma ka yi shiru kana karɓar yabo. Satar fasaha ce ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. In ka san mai shi, faɗi sunansa. In ba ka sani ba, ka ce ba naka ba ne. Magabata sun san wannan haɗari, shi ya sa sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe, wasu har da ramzi, wato shekarar da aka yi waƙar a ɓoye cikin haruffa. Yana da kyau masu tasowa su farfaɗo da wannan. In kuwa baitin wani ya burge ka har kana son sa hannu a ciki, akwai halastacciyar hanya mai suna tahamisi: ka ƙara ɗango uku naka a gaban ɗango biyu nasa, baiti ya zama ƙwar biyar, nasa na nan yadda ya bar su, sunansa kuma na nan.

Sai masu ɗumama waƙar bara. Ba laifi ba ne a sake rera tsohuwar waƙa, amma a duba ta tukuna. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka Sallah tana zagaya yanayi. Baitin da ya yi maganar sanyin safiyar Idi, bayan 'yan shekaru sai ya iske mutane cikin zafi.

Sannan a tuna waɗanda ake gaisarwa. Taron marubuta yakan haɗa Musulmi da Kirista, ya haɗa mai murna da wanda ya yi rashi makon jiya. Ba a ce ka rage murnarka ba. Amma ka taya abokin alƙalami murnar bikinsa kamar yadda ya taya ka naka, wanda ke cikin makoki kuma ka ware masa kalma tasa shi kaɗai, kada ka haɗa shi cikin gaisuwar jimla. Akwai ma ranakun da suka haɗa mu duka ba tare da bambanci ba: 21 ga Maris, Ranar Waƙa ta Duniya da hukumar UNESCO ta ayyana a 1999, da 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya. Abin mamaki, su ne muka fi bari su wuce shiru.

Idan ɗan'uwa ya gaishe ka da baiti, amsar da ta fi kowace daraja ita ce baiti a kan karinsa da amsa-amonsa. Ba za ka iya yin haka ba sai ka rera nasa har ya zauna a kunnenka, shi kuma da ya gani ya san an karanta shi da gaske. Gwada da baitin can na sama. Na fara maka rabin ɗango: Muna nan da murna. Saura gaɓa shida, marar nauyi ɗaya da masu nauyi biyu har sau biyu, ta ƙarshe ta faɗa a kan wa.