Babi na Bakwai: Tsara Jerin Bidiyo Yadda Mai Kallo Zai Kai Ƙarshe

A babin da ya gabata mun koyi yadda ake ɗora bidiyo a YouTube daga wayar hannu. Yanzu za mu duba jerin bidiyo, wato tara bidiyoyin da suka shafi magana ɗaya a wuri guda, ta yadda da zarar na farko ya ƙare na biyu zai fara da kansa ba tare da mai kallo ya shiga nema ba. Duk wanda ya taɓa bin tafsirin watan azumi a waya tun daga buɗewa har rufewa, ko shiri mai dogon zango kashi bayan kashi, ya san amfanin wannan tsari, kuma ya san takaicin gama kashi na 4 a nemi na 5 sama da ƙasa a rasa.

Tun shekarar 2012 YouTube, wanda kamfanin Google ya saya a 2006, ya fi ba wa tsawon lokacin da mutane suka ɗauka suna kallo muhimmanci a kan yawan waɗanda suka danna kawai suka wuce. Haka kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da mai tasha ke bi ya fara samun kuɗin talla ita ce ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Ku ɗauki biro mu yi lissafi tare. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo bidiyo ɗaya mai minti 8 yake gani ya tafi, sai an sami mutum 30,000 kafin a cika, amma idan kowa zai zauna ya ga biyar a jere, wato minti 40, mutum 6,000 sun isa.

Mu ɗauka akwai tela da ya ɗauki bidiyo goma sha biyu yana koyar da ɗinkin kaftani. Bai ɗauke su a jere ba, domin ranar da aikin aljihu ya zo masa ya ɗauki na aljihu, ranar da ya sami sarari ya ɗauki na awo. In ya bar su yadda ya zuba su, ɗalibi zai buɗe jerin ya tarar ana ɗinka aljihu alhali bai san yadda ake riƙe tef a auna kafaɗa ba, kuma nan take zai fita. Ana iya jan kowane bidiyo sama ko ƙasa a cikin jeri, saboda haka tela ya jera su kamar yadda zai koya wa yaron shagonsa: awo, sai yanka, sai haɗa jiki, sannan wuya da hannu da aljihu. A tabbata muryar na farko ta fita sosai kuma hotonsa yana da haske, domin da shi baƙo zai yanke shawarar zama ko tafiya.

Suna ma yana da nasa aiki. YouTube yana karɓar harafi 100 a sunan bidiyo, amma allon waya ƙarami ne, yakan datse ƙarshen suna mai tsawo. Don haka a fara da abin da ya fi muhimmanci, kamar "Ɗinkin kaftani 3: yanka wuya", kuma a sa lambar da girma a hoton bango, wato hoton da ake gani kafin a buɗe bidiyo, domin wanda karatunsa bai yi ƙarfi ba ya gane kashin da ya tsaya.

Yanzu sai babban aikin wannan babi. Ku buɗe manhajar YouTube Studio, wadda mai tasha ke duba alƙaluman bidiyoyinsa a cikinta, ku rubuta yawan kallon kowane bidiyo a littafinku, daga na farko zuwa na ƙarshe. A ce a bidiyo biyar na farko tela ya sami 900, 620, 580, 210, 190. Raguwar da ke tsakanin na 1 da na 2 ba abin damuwa ba ce, domin a kowane jeri akwai masu leƙowa su wuce. Inda ya kamata ido ya tsaya shi ne tsakanin na 3 da na 4, inda mutum 370 suka ɓace a lokaci guda bayan sun riga sun nuna cewa da gaske suke. Ko dai na 3 ya gundure su kafin ya ƙare, ko kuwa sunan na 4 da hotonsa ba su nuna musu cewa shi ne ci gaba ba. A kula, wani bidiyon yakan sami kallo daga masu bincike da ba ta jerin suka biyo ba, kuma sashen da ke nuna inda masu kallo suka fito zai raba muku wannan da wancan.

Don gano laifin na 3, akwai wani zane a sashen alƙaluma mai layi da ke gangarowa daga hagu zuwa dama, yana nuna yawan waɗanda suka rage a kowane minti. Ku sa yatsa a inda layin ya faɗi warwas, ku koma bidiyon ku kalli daidai wannan wurin. Sau da yawa za ku tarar tela ya sunkuya a kan keke minti uku bai ce uffan ba, ko hannunsa ya rufe allurar da ake son gani, ko ƙarar janareta ta danne maganarsa. Mai kallo da kuɗinsa ya sayi data, ba zai ƙona ta a kan bayan hannun wani ba.

Manhajar takan nuna kuma kashi nawa cikin ɗari ne suka rage bayan daƙiƙa 30 na farko, kuma a nan al'adarmu take shigowa. Sallama da gaisuwa tarbiyya ce, ba na ba kowa shawarar ya yar da ita. Sai dai wanda ya zo kashi na 7 kai tsaye daga na 6 bai buƙatar a sake yi masa minti biyu ana tambayar gajiya da iyali. A yi sallama, a faɗi abin da za a koya, a ɗauki almakashi.

A ƙarshen bidiyo kuwa, doguwar bankwana tana sallamar mai kallo. Gara tela ya ɗaga rigar ya ce, "Ga wuya ya zauna, saura hannu, kuma a nan ne masu koyo suka fi ɓata yadi." YouTube ya ba da damar liƙa hoton bidiyo na gaba a cikin daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe, matuƙar bidiyon ya kai daƙiƙa 25. Idan za a tura wa mutane a WhatsApp, a tura adireshin jerin gaba ɗaya maimakon na bidiyo ɗaya.

In kun gano bidiyon da ke korar mutane, kada ku yi gaggawar goge shi, domin awannin da ya tara za su tafi tare da shi. A kwamfuta ana iya datse ɓangaren da ba shi da amfani, bidiyon ya ci gaba da zama da kallonsa.

Aikin gida: kowa ya zaɓi jeri ɗaya a tasharsa, ya rubuta alƙalumansa tare da kwanan wata, ya gyara abu ɗaya tak, ko suna ko hoton bango ko matsayin bidiyo, domin in aka sauya uku a rana ɗaya ba za a san wanda ya yi aiki ba. Bayan kwana 28, wanda shi ne tsawon lokacin da manhajar ta saba nunawa, a sake rubuta alƙaluman a gefen na farko, a kawo littafin aji.